Takalmi Cikin Shinkafar Zauro

"Ba ni haɗa jinina da gidan ciwo! Na faɗi, na gama!"

Muryar ta fito daga cikin zaure kamar tsawa da rana tsaka, ta sami Nazifa tsaye a bakin ƙofa, rungume da gafakar jar fata a ƙirjinta.

Ba ta taɓa ganin mai muryar ba, amma ta san shi. Malam Abdussamadu ne, mahaifin Izzuddeen, wanda a tsohon garin Birnin Kebbi ake cewa babu mai kyan rubutun Alƙur'ani irin nasa.

"Malam, don Allah a saurare ni..."

Wannan kuwa muryar Izzuddeen ce. Ko cikin kasuwa ta ji ta, za ta gane.

"In saurari mi? Ubanta, Maliki baduku, da kumburin ƙafa ya tahi. Wansa Hodi, haka. Kakansu ma haka anka ce. Yatsu su mutu, ƙafa ta kumbura, numfashi shi gagara, sai kabari. Shi kake so ka kwaso mini daga Argungu ka zuba cikin zuri'ata? Duk wanda ya ƙara kawo mini maganar ɗiyar nan, shi bar mini gidana!"

Umma, mahaifiyar Nazifa, ta damƙe hannun 'yarta har sai da ya yi zafi.

"Ayya," in ji Aishatu da ke gefensu, tana gyara ɗankwali. "Ashe ba ku zo a sa'a ba."

Aishatu ɗiyar ƙanen Malam ce, a gidan ta girma, kuma tun tana 'yar ƙwailarta ta sa wa Izzuddeen rai. Ita ta tarbe su. Ita ce kuma, maimakon ta bi da su ta ƙofar mata, ta ratso da su ta bakin zaure. Mako uku kafin nan ta je Argungu wai sayen kifi, ta dawo babu kifi, sai sunayen matattun gidan su Nazifa.

Nazifa ta sunkuyar da kai don kada a ga hawayenta.

A nan idonta ya faɗa kan takalmin.

Takalmin babban mutum ne, an ajiye shi a gefen dokin ƙofa. An take dugadugansa har sun kwanta. An sa reza an tsaga bakinsa ta gefe biyu, tsagar wanda bai san fata ba, an shafa baƙin mai a kai don kada ta nuna.



Ta san wannan tsagar. Ta san ta kamar yadda ta san zanen tafin hannunta.

Ta durƙusa kamar mai gyara nata takalmin, ta shimfiɗa hannu a kan na Malam. Taƙi ɗaya da yatsa huɗu a tsawo. A faɗi kuwa, ya wuce yadda ƙafar mai lafiya take.

"Tashi mu tahi," in ji Umma. Ta karɓi gafakar ta miƙa wa Aishatu. "Ki ba Malam. Aikin da marigayi ya fara mashi ne, ɗiyarshi ta ƙarasa. Mun sauke amana."

Har suka shiga motar Argungu, Nazifa ba ta buɗe hannun nan da ta yi awo da shi ba.

Gafakar nan ita ta haɗa Nazifa da Izzuddeen tun farko. Shekara biyar da suka wuce Izzuddeen ya zo Argungu da saƙon mahaifinsa, a ɗinka wa wani Alƙur'ani gida. Ya tarar da Maliki baduku zaune, hannuwansa a kan cinya kamar na aro, yana faɗi da baki, wata yarinya tana yi da hannu. Yatsun tsohon sun riga sun mutu, basilla ba ta zama a cikinsu. Yarinyar ta ɗago kai sau ɗaya, ta mayar.

Sau ɗayan nan ya isa.

A shekarun ne wayar hannu ta fara shiga kowane gida a Kebbi, kuma a shekarun ne jihar, da take sabuwa tana neman masu ilimi, ta tura Izzuddeen ƙasar Turawa karatun haɗa magunguna. Saƙonninsa suka riƙa tsallako teku suna faɗowa cikin 'yar wayar Nazifa. Yana can Maliki ya rasu. Yanzu ya zo hutu da niyyar a ɗaura aure kafin ya koma, ga shi saura kwana goma sha biyu.

Washegarin zuwansu gidan Malam, da la'asar, ya zo Argungu. Suka zauna a bakin kogin Matan Fada, a kan wani tsohon kwalekwale da aka kife, tsakaninsu akwai wurin zaman mutum biyu. Don a lokacin 'yan mata sun san tazara, ba kamar yanzu ba.

Ruwan ya kwanta luf, rana ta zuba masa ja. Can nesa wani masunci ya kifa ciki a kan gorarsa yana lilo a hankali, kamar barci yake yi a kan ruwa.

"Nazi..."

Ba ta ko juyo ba.

"Hasken idona, ko kallona ba za ki yi ba?"

"In kalle ka da wane ido, Yaya Izzu? Na gidan ciwo?"

"Wallahi da na san kina bakin ƙofa..."

"Da mi? Da Malam ya fasa faɗi?" Ta tsinki ciyawa tana murzawa. "Bai yi ƙarya ba. Babana, Baba Hodi, Kaka. Wataƙila ni ma yana kwance cikin jinina yana jiran shekaru."

"In yana jira, zai tarar da ni tsaye a ƙofa."

Ta yi murmushin da ba ta shirya ba. "Da sanda?"

"Da gafaka."

Wannan karon ta juyo. "Kana mini ba'a?"

"Rantsuwa zan yi? Ni ma fa baduku ne, 'yar baduku. Aikin da nake yi a can ke nan. Saurara ki ji." Ya gyara zama, idonsa ya yi haske, kamar yadda yake yi duk lokacin da aka taɓo aikinsa. "Jikin mutum ɗakuna ne ƙanana, ido ba ya ganinsu. A kowane ɗaki akwai rubutu wanda muka gada daga iyaye. Hanta tana karanta wani layi a rubutun nan, ta riƙa ƙera wani abu tana zubawa cikin jini. A wasu gidaje layin yana da 'yar karkata, sai abin ya fito a murɗe. Shekara da shekaru yana taruwa a zuciya da jijiyoyi, har zuciya ta yi tauri kamar ƙirgin da ba a jeme ba. Ban ce shi ne ya ɗauki Baba ba, sai an gwada. Amma alamomin sun yi kama."

"To sai a goge layin?"

"Ba a gogewa. Wasiƙa ake aikawa. 'Yar ƙanƙanuwa, an rubuta ta da irin tawadar da ɗakin yake ganewa. Abin da ke cikinta kawai, wannan layin a yi shiru da shi."

"Shi ke nan?"

"Da shi ke nan ne, da na daɗe da dawowa na aure ki." Ya yi dariya. "Wasiƙar ba ta da ƙarfi. In aka sake ta tsirara cikin jini, kafin ki sha ruwa jini ya yayyage ta. In ma ta tsira, ɗakin ba ya buɗe wa baƙo ƙofa. Shi ya sa muke ɗinka mata gida, da kitse. 'Yar ƙwallon kitse, in kika jera dubu, da ƙyar su kai kaurin gashin kanki guda."

"Kai, Yaya Izzu!"

"Allah kuwa. Ta bi jini tana yawo, jini ya yafa mata wata riga da hanta ta sani. Hanta ta duba ta ce, wannan ai 'yar gida ce, ta buɗe mata. Sai ta shiga ciki sannan kitsen ya narke, wasiƙa ta fito."

Nazifa ta zuba wa ruwa ido. Sai ta ga kamar kogin ya zama ja gaba ɗaya, ga ƙananan goruna farare, dubbai, suna lilo a kansa, kowace da takarda a cikinta. Ta ga suna gangarawa har wata ƙofa, ga Babanta zaune a bakin ƙofar, yana murza yatsunsa suna motsi...

"Ya warkar da wani?" ta tambaya a hankali.

Hasken idonsa ya ragu. "Ɓeraye kawai. Wani lokaci ƙwallon ta fashe a hanya, wani lokaci ta shiga ta ƙi buɗewa. Kafin ya kai ga mutane, wataƙila shekara goma. Ba zan yi miki ƙarya ba, zumata."

Ta gyaɗa kai. Maganar takalmin ta taso mata har maƙogwaro. Kalma biyar kawai, Malam ma yana da shi, kuma bakin tsohon ya mutu har abada. Ta dubi Izzuddeen, mutumin da ke ganin abin da ya fi gashi sirantaka sau dubu, amma bai ga ƙafar ubansa ba.

Ta haɗiye.

"Yaya Izzu, a duniyar nan wa Malam ke buɗe wa ƙofa ko yana fushi?"

"Babu... sai dai Gwaggo Balaraba ta Zauro. Taubashiyarsa ce, ɗiyar gwaggonsa. Ita ko hularsa ta cire, dariya zai yi. Duk kaka takan kawo masa sabuwar shinkafa ya sa hannu ya sa albarka kafin ta kai kasuwa. Me ya sa kika tambaya?"

"Ba komai," in ji Nazifa. "Ka ce sai ta shiga ciki sannan take buɗewa?"

Kwana uku ta yi a ɗakin aikin mahaifinta, daga hantsi zuwa faɗuwar rana. Ta zaɓi fatar akuya mafi laushi, wadda Maliki ya ɓoye a ƙasan adaka. Ta yanka tafin da faɗi. Ta shimfiɗa audugar rimi tsakanin fata da fata. Ta yi maɗauri uku, kowane da rami uku.

Umma ta leƙo ta gani, ta dafe ƙofa.

"Irin na Babanki... Nazifa, na wa?"

"Na wani mai tsoro ne, Umma."

A rana ta huɗu ta sauka a Zauro. Fadama ta yi ruwan zinariya har iyakar gani, iska na kaɗa shinkafa tana tafiya kamar ruwa. Ta tarar da Gwaggo Balaraba a tsakar gida tana sheƙa, gajeriyar tsohuwa mai bakin goro da muryar mutum uku.

Tsohuwar ta saurari labarin har ƙarshe, ta juya takalmin a hannunta, ta matsa tafinsa da babban yatsa.

"Ja'irin tsoho," ta ce, amma idonta ya kawo ruwa. "Shi ya sa bara da nic ce shi raka ni bakin ƙofa ya ƙiya. Ni ina cewa girman kai na." Ta share ido da bakin zane. "Ke ɗiyar ga, kin san in ya gane ki zai iya korarmu mu duka?"

"Na sani, Gwaggo."

"Ke za shi kora. Ni bai isa ba. Kawo masakin can!"

Suka binne takalmin a tsakiyar shinkafa, suka shafe bisa.

Da hantsi washegari suka isa Birnin Kebbi. Balaraba a gaba, Nazifa a baya da masaki a ka, ta ja mayafi har bisa hanci.

"Ina bawan nan nawa?" Balaraba ta kwarara tun daga waje. "Fito ka tarbi uwargijiyarka!"

"Wa ya buɗe wa tsohuwar ga ƙofa?" in ji murya daga ciki, amma yau babu tsawa a cikinta. "Balaraba, ashe ba ki mutu ba?"

"In mutu wa za shi ciyar da kai? Malami sai baki, ko zangarniya guda bai iya nomawa!"

Malam Abdussamadu yana zaune a kan buzu, dogo, fari, gemunsa fari fat. Babbar rigarsa ta baje ta rufe shi har ƙasa, ko ɗan yatsan ƙafa ba a gani. A gefensa ga tawada da alƙalumma, tawadar ta bushe har ta tsage.

Nazifa ta sauke masakin a gabansa, ta koma gefe ta durƙusa. 

"Ka ce kada wanda ya kawo maka magana," in ji Balaraba. "To ni ba magana nik kawo ba, shinkafa ta. Sa hannu."

Malam ya yi bisimilla, ya nutsa hannu cikin shinkafar yana addu'a. Sai addu'ar ta tsaya.

Ya jawo abin a hankali. Shinkafa na zuba daga cikinsa. Jan takalmi, mai faɗi, mai maɗauri uku.



A daidai lokacin Aishatu ta shigo da kwanon ruwan baƙi. Ta dubi takalmin, ta dubi hannuwan mai mayafi, masu kantar basilla. Kwanon ya kusa suɓuce mata.

"Baba Malam, ita ce! Ɗiyar badukun nan ce! Kada ka sa, wallahi laya ta ɗinke a ciki! Ai aikinsu ne, su ke ɗinke layu!"

Ihun ya jawo Izzuddeen daga cikin gida. Ya tsaya a bakin ƙofa, baki buɗe.

"Nazifa?"

"Ba ni wuƙa," in ji Malam.

Aishatu ta miƙo da sauri. Malam ya karɓa, ya kai bakinta kan ɗinkin.

Wuƙar ta faɗi.

Ya ɗauka. Ya matse ta da iyakar ƙarfinsa, jijiyar wuyansa ta tashi.

Ta sake faɗuwa.

"Abdu," in ji Balaraba, muryarta ta sauka ƙasa. "Yaushe rabonka da alƙalami?"

"Ba ruwanki."

"Da ruwana. Tare munka sha nonon kaka guda a ƙwarya guda."

Sai ta yi abin da duk Birnin Kebbi babu mai iya yi sai ita. Ta sunkuya, ta kama bakin rigar Malam, ta yaye.

Ƙafafun sun kumbura har ƙwauri, fata ta miƙe tana sheƙi.

"Innalillahi..." Izzuddeen ya zube a kan gwiwoyinsa. "Malam! Tun yaushe? Me ya sa ba a faɗa mini ba?"

Malam bai dube shi ba. Ya tura wuƙar da bayan hannu zuwa gaban Nazifa.

"Ke kinka ɗinka. Ke za ki farke."

Ta ɗauka. Aikin kwana uku ta bi shi ɗinki bayan ɗinki, hawaye na ɗiga a kan fatar, har tafin ya rabu biyu. Ta buɗe shi a gaban kowa.

Farar auduga, ba komai.

Aishatu ta ajiye kwanon ruwan, ta sulale ta fita. Babu wanda ya waiwaye ta.

"Don mi rimi?" in ji Malam.

"Saboda tafin ƙafa yana zafi, Baba, kamar an taka garwashi." Ta ɗaga takalmin ta nuna masa. "Maɗaurin kuma, da safe a sa a ramin farko. Kafin la'asar ƙafa ta ƙaru, sai a sassauta zuwa na biyu. Ranar da ta matsa, na uku."

"Wa ya gaya miki?"

"Ba kowa. Takalminka na gani a bakin ƙofa. Shekara huɗu ina yi wa Babana."

"Kin gaya wa yaron ga?"

"A'a."

"Don mi? Na ci mutuncin gidanku kina ji. Da kin faɗi, da kin kashe bakina a gaban ɗana."

Nazifa ta ɗago kai, karo na farko.

"Sirrin babba ne, Baba. Babana ma sai da ya ɓoye nasa shekara biyu. Ba mugunta ba ce... tsoro ne. Na san yadda yake. Ko ba a ba ni Yaya Izzu ba, ka sa takalmin. Ƙafar ba ta yi laifi ba."

Ku 'yan mata masu karanta wannan, ku tsaya a nan ku duba. Tana da makami a hannu, ta ajiye shi ta ɗauki basilla. Ba kowace ke iyawa ba.

Malam ya daɗe yana kallon busasshiyar tawadarsa. Da ya yi magana, muryar ta tsufa da shekara goma.

"Ranar da anka lissafa mini yadda ubanki ya tahi, yatsu, ƙafa, numfashi... ji na yi ana karanta mini nawa. Ba ke nik kora ba, ɗiyata. Abin da ke ƙarƙashin rigar ga nike kora." Ya juya ga ɗansa. "Kai kuma, mai ilimin Turawa. Wanga magani da kake ta faɗi, na wasiƙa cikin kitse?"

Izzuddeen ya share fuska. "Bai kai ga mutane ba tukuna, Malam. A kan ɓeraye muke."

"Ɓeraye!" Balaraba ta tafa hannu. "Shekara huɗu jirgi na kai ka yana maido ka, ashe ɓeraye kake jinya? Ka zo Zauro, rumbuna cike yake da marasa lafiya!"

Dariya ta kufce wa Malam, dariya mai haɗe da tari, har sai da ya dafe ƙirji.

"Amma a Sakkwato akwai likitan zuciya," in ji Izzuddeen. "A gwada a san ko mene ne. Akwai abin da zai rage kumburin, numfashi ya sami hanya. Gobe in kai ka, Malam. Don Allah."

"In shi ne, kai ma kana iya gadonsa."

"Ina iya."

Malam ya dubi Nazifa. "Kin ji. Gidan ciwon da nike faɗi, ga ki a cikinsa. Har yanzu kina so?"

Ta ja mayafi ta rufe fuska. Daga ƙarƙashinsa, a hankali, aka ji:

"Na iya ɗinkin, Baba."

"To ɗinke shi," in ji Malam, ya tura mata takalmin. "Gobe Sakkwato, jibi Argungu. Ba a saba uba shi tahi neman aure da kanshi ba, amma ni da bakina na yi ɓarna, da ƙafata zan je in gyara. Kuma ba ni zuwa gaban mahaifiyarki da tsagaggen takalmi."

Ranar Juma'a aka ɗaura aure, saura kwana uku Izzuddeen ya koma.

Nazifa na ɗaki cikin lulluɓi, ƙamshin turare da lalle ya cika ko'ina, guɗa na tashi a tsakar gida. Sai ga Gwaggo Balaraba ta kutso tana ture ƙawaye.

"Na aika an dubo mini bakin masallaci," ta raɗa mata a kunne. "Takalma sun fi ɗari uku, amma ja mai maɗauri uku guda na. Kuma wai mutum biyar sun tambayi inda anka saye shi, bawan nawa ya ce ba na sayarwa ba na, ɗiyarshi ta yi mashi."

"A rami na nawa ya ɗaure, Gwaggo?"

"Ji ja'ira, ranar aurenta! Na farko. Maganin Sakkwato ya fara aiki."

Da la'asar ɗin ranar da zai tafi, suka koma bakin Matan Fada, kan kwalekwalen nan. Yau babu wurin zaman kowa a tsakaninsu. Masunta na lilo a kan gorunansu, rana na narkewa cikin ruwa.

"Amaryata..."

"Na'am, angona."

"Taki wasiƙar ta riga tawa shiga. Kwana uku kika yi. Ni shekara huɗu ina fama, har yau gafakata fashewa take a hanya." Ya dubi tafin hannunsa. "Ina tsoro, Nazi. Kada in gama a makare... ga Malam, ga ke, ga ni."

Ta kama hannunsa, ta buɗe yatsun ɗaya bayan ɗaya, ta matsa kowane a hankali, kamar yadda take yi wa Babanta.

"Kana jin wannan?"

"Ina ji."

"Wannan fa?"

"Ina ji, zumata."

"To koma ka ɗinka, kada ka yi gaggawa, ɗinkin gaggawa ne ke fashewa." Ta kwantar da kai a kafaɗarsa, idonta a kan ruwa, inda fararen goruna ke gangarawa. "Ni ina nan. Zan riƙa sassauta maɗauri har ka gama."